Madarumfa ta jiya da yau: tafkin da ya raine mu shi ke riƙe da kasuwarmu

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Duk sa'ad da muka buɗe layin waya a gidan rediyo don masu saurare su ba da labarin ƙuruciyarsu, mutanen Madarumfa ba su da wani zance sai na tafki. Wannan ya tuna kifin da ake kamawa, wancan ya tuna inuwar kukoki, wata kuma ta tuna tallan da ta yi a bakin ruwa. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu kawo zancen a wannan shafi, musamman saboda iyayenmu mata ƴan kasuwa, domin in an duba da kyau, abin da muke kewa shi ne abin da ke sa kuɗi a lalitarsu har gobe.

Garin da ruwa ya tara

Ga wanda bai sani ba, Madarumfa na kudu da birnin Maraɗi da tazarar kilomita 20 da ƴan kai, kuma ita ce hedkwatar gundumar da ta ƙunshi Gabi, Ɗan Isa, Safo, Jiratawa da Sarkin Yamma. Tafkin nata kan mamaye kimanin hekta 800 idan damina ta yi kyau, sannan ya riƙa ja da baya har zuwa bazara. Ruwansa na zuwa ne daga Gulbin Gabi da kuma ambaliyar Gulbin Maraɗi, wanda ke tasowa daga ƙasar Katsina, ya ratso Jibiya ya shigo Nijar, ya bi ta Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, kana ya sake komawa Najeriya ya faɗa Gulbin Rima.

Tarihin wannan yanki ma bin gulbin ya yi. Bayan da masu jihadi suka ci birnin Katsina wajen shekara ta 1807, sarakunan Haɓe suka yo arewa, inda Ɗan Kasawa ya kafa mulki a Maraɗi wajen 1819. Shi ya sa har yau ake kiran mai sarautar Maraɗi Sarkin Katsina. Iyakar da ta raba mu da Jibiya kuwa, Turawan Faransa da na Ingila ne suka shata ta tsakanin 1906 da 1908. Ta raba takardu da tutoci, amma ba ta raba dangi da auratayya da ciniki ba. Da wuya ka sami gida a Madarumfa da ba shi da gwaggo ko kawu a ƙetaren iyaka.

Sai kuma kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da tafkin, waɗanda jama'a ke zuwa ziyara daga nesa da kusa. Muna yara, kakanninmu kan ce ana ganin haske a kansu cikin dare, kuma ko yaron da ya fi kowa ƙiriniya, in ya zo wucewa ta wurin sai ya rage murya.

Abin da idonmu ya gani

Mu da muka yi ƙuruciya a shekarun 1990, agogonmu tafki ne. Tun da asuba masunta sun shiga ruwa, wasu a jirgi, wasu a kan gora, ga mai jefa birgi, ga mai duba mamarin da ya kwana. Kafin a buga ƙararrawar lakwal, iyayenmu mata sun riga sun isa gaɓa da kwanoninsu ana ta ciniki, albarka, Allah ya ba mu sa'a, har a daidaita. Tarwaɗa ta tafi banda, ƙarfasa ta shiga kasko, manyan kuma a naɗe su cikin buhu mai laima a nufi Maraɗi da su, balle ma in ranar Litinin ce ko Juma'a da babbar kasuwa ke ci.

Da kuɗin kifin nan aka saya wa da yawa daga cikinmu allo da littafi da kayan sallah. Da shi aka yi zubin adashi, aka tara kwanonin auren yayyenmu. Yarinya kan ɗauki tiren soyayyen kifi da yaji a ƙulle a takarda, ta zagaya tasha da bakin bariki, kafin la'asar ta dawo da canji a gefen zane. Dala biyar a lokacin kuɗi ce, ka sha fura ka ƙoshi, har ka sayi ƙuli-ƙuli.

Idan ruwa ya fara janyewa bayan kaka, ƙasar da ya bari ba ta zama haka nan. Nan da nan a dasa taba da rogo da dankali da tumatir. Daga Jiratawa, inda gwamnati ta gyara fili fiye da hekta 500 don noman rani a farkon shekarun 1980, zogale da albasa da alkama kan fito. Mu kuwa yara aikinmu shi ne tsinkar kanya da tsamiya, da korar balbela, da ƙidayar kirinjijiya in sun taso garke guda. Da dare, in akwai farin wata, maza na langa, mata na gaɗa, har sai an leƙo an ce kowa ya shige gida.

Ba kullum ake kwana a gado ba

Kada mai karatu ya ɗauka jiya duk zuma ce. Iyayenmu ba su manta da yunwar 1984 ba, wadda suka raɗa wa suna El Buhari, saboda fari ya haɗu da rufe iyakar da Najeriya ta yi a waccan shekara, ba a kuma buɗe ba sai 1986. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, aka wayi gari kuɗin atamfa da magani sun yi tashin gwauron zabo. Yunwar 2005 kuwa da idonmu muka gan ta, lokacin da farashin tiyar hatsi ya fi ƙarfin talaka, aka cika asibitoci da yara masu tamowa. Ko a baya-bayan nan, an rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024.

Abin lura a nan shi ne, duk lokacin da hanyar Jibiya ta toshe, ko naira ta faɗi ta bar ƴan kasuwa da asara, abin da ke cikin gida shi ke rufa asiri. Kifi ba ya biyan duwan, zogale ba ya jiran a buɗe iyaka. Mace mai kasko da murhu a bakin tafki ta sha ciyar da gida a shekarar da mai babban shago ya rufe ƙofa.

Ina aka kwana yau?

Duk mai sayen kifi a gaɓa ya san abin da ya canza, ba sai an gaya masa ba. Kifin ya ƙanƙance, masu kamawa sun yi yawa, wurin da a da sai da jirgi, yanzu a wasu watanni yaro na takawa da ƙafa. Ruwa ba ya tsami banza. Dalili na farko shi ne yashi: itatuwan da ke riƙe ƙasa a tudu sun ragu saboda sara da faɗaɗa gonaki, don haka duk ruwan sama da ya sauka sai ya kwaso rairayi ya zuba cikin tafki. Na biyu, tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya, Gulbin Maraɗi ya rage irin ambaliyar da ya saba, duk da yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka sa wa hannu a Maiduguri a 1990 kan raba ruwan gulaben da suka haɗa su. Na uku kuwa namu ne: raga mai ƙananan ido da ke kwashe kifi tun bai isa yin ƙwai ba.

A kan wannan kuma ga matsalar ƴan bindiga, wadda ta tsananta tun wajen 2019 a ƙauyukan bakin iyaka na Gabi da Ɗan Isa da kewayen dajin Babban Rafi. Matan da suka saba sammako zuwa kasuwannin ƙauye yanzu sai rana ta fito, su kuma baro da wuri, wanda ke nufin rabin cinikin yini ya tafi.

Duniya dai ta san da zaman wurin. A shekara ta 2006 ƙasar Nijar ta shigar da tafkin, da dajin gwamnati da ke gefensa, da kaburburan waliyyai cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. A 2019 kuma aka sa shi cikin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. Sai dai takarda ba ta kwashe yashi.

Kira ga iyayenmu mata

A nan ne muke ganin ƴan kasuwa na da ƙarfin da ba su cika lura da shi ba. Masunci ba ya kama abin da ba za a saya ba. Da a ce masu banda da masu suya za su haɗa baki su ƙi karɓar ƴaƴan kifi, da raga mai ƙananan ido ta koma rataye ba tare da jami'in gandun daji ya ɗaga murya ba. Gaskiya ne ribar yau za ta ragu, kuma mai ƴaƴa biyar ba ta son jin wannan, amma kifin da aka bari ya yi wata shida a ruwa, kuɗinsa ya ninka na wanda aka soya yana kamar ɗan yatsa.

Haka zalika, banda na cin itace, itacen kuma daga dajin da ke tare yashi yake fitowa. Murhu mai tattalin itace da dashen bishiya a gaɓa abu ne da ƙungiyar adashi za ta iya sa wa hannu. Sannan idan magabatan gari da Sarkin Ruwa suka zauna kan lokacin hutar da tafki, ya kamata a ga kujerar mata a wurin, tun da su ne ke juya kuɗin.

Daga ƙarshe, tsofaffin da suka san sunan kowace gaɓa da kowane kabari suna ta raguwa. Kusan kowane gida yanzu akwai waya mai ɗaukar murya. A sa yara su zauna gaban kakanninsu su naɗi labarin tun suna raye, domin da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da iyakokinmu lafiya, ya sa wa kasuwa albarka, amin.