Daga Faranti Zuwa Jikin Mutum: Inda Hasashen Magani Ke Kuskurewa

A watan Disamba na 2022 Amurka ta soke sharaɗin da ya wajabta gwada sabon magani a jikin dabba kafin a kai shi ga mutane, aka buɗe ƙofa ga gwajin ƙwayoyin halitta a ɗakin bincike da lissafin kwamfuta. Dalilin a fili yake: kusan tara cikin goma na magungunan da suka tsallake gwajin dabbobi faɗuwa suke yi idan an zo kan mutane, ga tsada, ga cin lokaci. Sai dai farantin gwaji yana nuna abin da magani zai yi ne idan ya haɗu da ƙwayar cuta. Ko za su haɗu a cikin jiki, wannan kuwa hanji da hanta da ƙoda ne ke yanke hukunci.

Shekarar korona ta fito da wannan giɓi ƙarara. A farkon 2020 kulorokwin, tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro, ya hana ƙwayar korona yaɗuwa a ƙwayoyin ƙodar biri da aka raina a faranti. Kafin a ce kwabo mutane sun far masa, har hukumomin Legas suka ba da rahoton waɗanda ya yi wa illa. Da aka gwada ɗan'uwansa haidiroksikulorokwin a kan dubban majinyata a Birtaniya, bai rage mace-mace ba. Daga baya aka gano cewa ƙofar da ƙwayar ke bi ta shiga ƙwayoyin huhun mutum daban take da wadda maganin ya toshe a na biri. Aibamektin kuwa, wani maganin da aka gwada a kan ƙwayar korona, yawan da ya yi aiki a farantin masu bincike na Ostireliya ya zarce nesa ba kusa ba abin da jini ke iya ɗauka daga ƙa'idar shan maganin.

Mai ja zai ce ai dabbar ma tana yaudara, kuma gaskiyarsa. A Landan a 2006 maganin TGN1412, wanda birai suka jure, ya kai mutum shida ɗakin kulawa ta musamman, alhali abin da aka ba su bai kai ko kusa da na biran ba. Amma wannan hujja ce ta gyara gwajin faranti, ba ta gaskata shi ido rufe ba: a yi shi da ƙwayoyin mutum na gaɓar da cutar ke kamawa, sannan a lissafa nawa hanta za ta narkar, nawa zai maƙale a furotin na jini, nawa zai isa inda ake so, kafin a sanar da 'yan jarida.