In Ƙafar Fiyano Ta Fara Rawa

A wurin biki a Tasawa ko Mayahi, fiyano ya zama ɗan gida. Daga mawaƙan aure har masu bege, kusan kowa da Yamaha yake fita. Abin da ba a cika kula da shi ba ita ce ƙafar da ake ɗora shi, wadda ƙarafunanta suka gitta kamar almakashi. Makaɗi na danna maɓalli tana girgiza, sai ka ga an turo yaro ya riƙe masa.

Kafin a ɗauko sifana, a fara duba ƙasa. Yankin nan rairayi ne, musamman ƙauyukan da ke bakin Gulbin Kaba. Murhu mai duwatsu uku ba ya rawa ko'ina aka girka shi, amma abu mai ƙafa huɗu sai ƙasa ta daidaita yake zama. Ɓangare ɗaya ya nutse kaɗan, shi ke nan. Maganinsa faffaɗan katako a ƙarƙashi. Tabarma ba ta hana nutsewa. A kan siminti kuwa, yawanci robar bakin ƙarfen ce ta cinye ko ta ɓace, kuma yankin tsohuwar taya na maye gurbinta. Kwali da ake cusawa bai kai ƙarshen waƙa biyu ba ya lotse.

Idan ƙasa lafiya take amma fiyanon na lilo hagu da dama, laifin notin tsakiya ne, inda ƙarafunan suka haɗu. Ɗaurin bayan babur a hanyar Kanambakashe ya isa ya kwance shi. A sa wosha a ɗaure, ban da matsewar da za ta hana naɗewa. In ramin notin ya buɗe, sai wajen mai walda, amma a gaya masa ya cike ramin kawai, don wani in ka yi sake zai liƙe maka ƙafar gaba ɗaya.

Tsayi ma na da hannu. Duk lokacin da aka ɗaga irin wannan ƙafa, gindinta ƙara tsukewa yake yi, shi ya sa mai kiɗa a tsaye ya fi shan wahala. Ƙaramin fiyano mai maɓalli 61 zai iya lallaɓawa haka. Mai maɓalli 88 irin Yamaha P-45 ya haura kilo 11, sai ƙafa mai ƙarfe bibbiyu ko tebur. In ya faɗi, bakin caja da maɓallai ne ke fara karyewa, kuma kayan gyaransu sau da yawa sai an aika Maraɗi ko Kano.