Doguwar Farfaɗiya da Tabon da Take Bari a Ƙwaƙwalwa

1.0 Gabatarwa

Farfaɗiya larura ce da ke aukuwa yayin da ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalwa suka shiga aika saƙo gaba ɗaya ba bisa tsari ba. Galibi bugun yakan lafa da kansa cikin minti 2 ko 3. Sai dai akwai wanda kan ƙi tsayawa, shi ne masana ke kira doguwar farfaɗiya. A shekarar 2015, Ƙungiyar Duniya ta Yaƙi da Farfaɗiya ta tsayar da iyakoki biyu game da bugu mai jijjiga jiki: idan ya wuce minti 5, da wuya ya tsaya ba tare da magani ba, idan kuwa ya zarce minti 30, ana fargabar lahani mai ɗorewa.

2.0 Yadda Lahanin Ke Faruwa

Da can an ɗauka ƙarancin numfashi ne kaɗai ke ɓata ƙwaƙwalwar mai bugu. Amma a shekarar 1973, Brian Meldrum na ƙasar Ingila da abokan aikinsa suka yi gwaji a kan birai, suka nuna cewa ko da an tsayar da jijjigar jiki, an kuma wadata dabbar da iska, doguwar farfaɗiya kan kashe wasu ƙwayoyin. Dalili kuwa shi ne yawaitar sinadarin gulutamet, wanda ke buɗe ƙofa ga kalshiyam ya kwarara cikin ƙwayar halitta, har ta kumbura ta galabaita.

3.0 Abin da Hoto Ke Nunawa

Na'urar MRI, wadda ke ɗaukar hoton cikin kai da ƙarfin maganaɗisu, tana nuna wannan kumburi. An fi ganin sa a ɓawon ƙwaƙwalwa, da talamus, da kuma hifokamfas, wato sashen da ke taskace sababbin abubuwan da mutum ya koya. Waɗannan alamu iri biyu ne. Wasu kan ɓace bayan kwanaki ko makonni. Wasu kuwa kan rikiɗe su zama tabo, wurin ya motse.

Wani bincike mai suna FEBSTAT da aka fara a Amurka a shekarar 2003 ya bi sawun yara 199 da zazzaɓi ya jawo musu dogon bugu. Kimanin ɗaya cikin goma sun nuna alamar rauni a hifokamfas cikin kwanakin farko, kuma akasarin waɗanda aka sake ɗauka daga cikinsu bayan shekara guda an tarar wurin ya yi tabo.

4.0 Makomar Majinyaci

Irin wannan tabo kan haifar da mantuwa, da wahalar karatu, ko farfaɗiya mai dawowa. Duk da haka, hoto shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Musabbabin bugun, kamar sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da shekarun majinyaci, da tsawon lokacin da aka ɗauka, duk suna da tasiri.

5.0 Kammalawa

Daga cikin waɗannan dalilai, lokaci ne kaɗai ke hannun mutanen da ke kusa. Don haka idan bugu ya wuce minti 5, abin da ya dace shi ne a kwantar da majinyaci a gefensa, kada a cusa masa komai a baki, sannan a garzaya da shi asibiti.