Tara Waƙoƙi Daban, Jera Su Daban

Tun daga zamanin garmaho, masoya kiɗa a ƙasar Hausa suke fama da wata matsala wadda ba kowa ya kula da ita ba, watau yadda mutum zai jera waƙoƙin da yake so har ya gane kowace in ya neme ta.

Dalili kuwa shi ne, yawancin makaɗanmu na baka ba su raɗa wa waƙa suna. Jama'a ne kan kira ta da amshinta, ko da sunan wanda aka yi wa ita. Har ila yau suna ɗaya kan haɗa waƙoƙi biyu. Alal misali, Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, yana da Bakandamiya, Alhaji Mamman Shata kuma yana da tasa. Wanda ya rubuta "Bakandamiya" kurum a bayan kaset bai rubuta komai ba.

Ba a nan wuyar ta tsaya ba. Shata, wanda ya rasu a 1999, yakan rera waƙa ɗaya a wurare da dama, kowane karo da sababbin ɗiyan waƙa da sunayen mutanen da suka halarta. Ta gidan rediyo daban, ta dandalin biki daban. Saboda haka masu tara kaset na gaskiya sukan ajiye littafi, su ba kowane kaset lamba, sa'an nan su rubuta makaɗi, da amshi, da ubangidan da aka wasa, da wurin da aka ɗauka, da shekara in an sani. Wasu kan ware makaɗan fada irin su Musa Ɗanƙwairo da Salihu Jankiɗi a shafi guda, makaɗan jama'a irin su Ɗanmaraya Jos da Barmani Choge a wani. Wannan tsari ya fi na bin haruffa amfani, domin mai nema ya fi tuna irin waƙar a kan sunanta.

Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya tilasta wa mutum zaɓe, don mai minti 60 rabin sa'a kaɗai yake ɗauka a kowane gefe. Dole a auna wace za ta shiga, wace za ta jira.

Yau kuwa ɗan katin waya kan ɗauki ɗaruruwan waƙoƙi, amma sau da yawa masu turawa a kasuwa kan zuba su ba suna sai lambobi, wani lokaci ma a jingina waƙar wani ga wani. Makaɗan da za a tambaya sun kau: Barmani ta rasu a 2013, Ɗanmaraya a 2015. Idan dattijon da ya san wurin da aka ɗauki kowace waƙa ya bi su, magada sukan raba rediyo da akwatin kaset, littafin kuwa a bar wa gara.