Wa Ke Jinyar Baƙo A Kurmi?

Duk wanda ya taɓa kwana a babban asibiti a Ikko ko Badun ko Fatakwal ya san cewa ba likita da nas kaɗai ke jinyar mara lafiya ba. Likita ya duba ya rubuta magani, nas ta yi allura ta wuce gado na gaba. Amma wanda zai tafi sayo maganin, ya bi layin biyan kuɗi, ya kawo abinci, ya wanke tufafi, ya kama mara lafiya zuwa bayan gida, wannan aikin ɗan'uwa ne, shi ake kira mai jinya. In an ce ana bukatar jini, shi za a tura ya nemo wanda zai bayar, domin a mayar da wanda aka ɗebo daga ma'ajiyar asibiti. To, yaron da ya baro ƙauyensu a ƙasar Zamfara ko Katsina wata uku da suka wuce, ya zo yana tura baro a kasuwar Mile 12, ran da mota ta buge shi wa zai zama mai jinyarsa? Uwarsa tana can nisan tafiyar yini da kwana a mota, watakila ma ba ta san sunan unguwar da yake ba.

Galibi wanda ke tsayawa a kansa mutum ne da bai taɓa ganinsa ba. Ko mai shayin da ke bakin kasuwa, ko ladanin masallacin 'yan albasa, ko wani maigadi da ya tashi daga aikin dare bai runtsa ba. Abin da ya haɗa su da yaron shi ne harshe da salla, wani lokacin ma harshen kawai. Sai mutum ya rufe teburinsa, ya bar cinikin ranar, ya bi motar da ta ɗauki yaron, ya sa hannu a takardar asibiti a matsayin ɗan'uwa. Ba wanda ya aike shi, ba kuwa wanda zai biya shi. Irin waɗannan mutane ba a buga hotonsu a jarida, alhali kuwa da za su daina yau, da zaman 'yan Arewa a Kurmi ya yi ɗaci ƙwarai kafin mako ya zagayo.

Wannan hali daga gida aka zo da shi. Mai karatu da ya tashi a ƙauye ya san gayya, inda samari za su taru da fartanyu a gonar mutum guda, makaɗi yana zuga su, a gama noman da zai ɗauki mai gona mako biyu kafin azahar, ladansu fura da tuwo. Ya san randar da ake ajiyewa a ƙofar gida da moɗa a kanta saboda mai wucewa. Ya san ciyayya tsakanin maƙwabta, ya kuma san cewa zaure ɗakin baƙo ne, ba a tambayarsa ranar tafiya. Baƙonka Annabinka, in ji Hausawa. Abin da fatake suka yi shi ne suka ɗauko zauren nan suka kafa shi a ƙasar Yarbawa.

Jirgin ƙasa ya isa Kano cikin 1911, daga nan fataucin shanu zuwa Kudu da na goro zuwa Arewa ya bunƙasa. Cikin 1916 aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a Badun, aka kuma sami zanguna irinta a Agege da Shagamu da sauran garuruwan goro. Wani malamin jami'a daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna ya binciki zaman mutanen Sabo a 1962 da 1963, ya fitar da littafi a kansu cikin 1969. Ya nuna yadda dukan sha'anin unguwar ke rataye a wuyan masu gida, watau fatomomi. Falke ya sauka da shanunsa, maigida ya ba shi ɗaki da abinci, ya sa dillalansa su sayar masa, ya tsaya masa a kan bashin da mahauta suka ci, ya ajiye masa kuɗinsa har ran komawa. In ciwo ya kama shi, a gidan zai yi jinya. In ta Allah ta kasance, daga gidan za a fito da gawarsa, a aika wa danginsa da dukiyarsa.

Amma fa kada a yi ƙarya, wannan karamci ba duka ne sadaka ba. Maigida yana da la'adarsa, kuma sunansa shi ne jarinsa, domin falken da aka wulaƙanta ba zai dawo ba, zai kuma gaya wa goma a gida. Alheri da ciniki tare suke tafiya, kowane yana riƙe da ɗan'uwansa. Sai dai a inuwar wannan ciniki ne almajiri da makaho da matafiyin da guzurinsa ya ƙare suka sami wurin kwana, su da ba su da ko kaza ta sayarwa.

Yanzu zamani ya juya. Shanu da tumatir a tirela suke zuwa, a yi ciniki ta wayar hannu, kuɗi su wuce ta banki, mai kaya ya juya gida bai kwana a zauren kowa ba. Masu tururuwa zuwa Kurmi kuma ba fatake ba ne. Samari ne da rikicin Boko Haram ya koro daga Borno da Yobe, da waɗanda 'yan bindiga suka hana noma a Zamfara da Sakkwato da Katsina, da 'yan ci-rani daga Nijar. Suna sauka daga bayan motar kaya da leda ɗaya a hannu. Wannan ya kama acaba, wancan ya shiga ga-ruwa, wani ya ɗauki akwatin gyaran takalmi, wani jari-bola. Ba su da maigida. Makwancinsu barandar masallaci, ko rumfar kasuwa, ko kangon ginin da aka ba wani gadinsa. Da Gwamnatin Jihar Ikko ta hana acaba a ƙananan hukumomi 6 daga ran 1 ga watan Yuni 2022, cikinsu har da Ikeja da Surulere da Apapa, da yawa daga cikin samarin nan sun wayi gari ba sana'a, wasu ma ba babur. Baƙi sun ninka, zaurukan da ke karɓarsu sun ragu. Nauyin sai ya koma kan masallatai da fadar Sarkin Hausawa da 'yan agaji.

'Yan agaji kowa ya san su da kakinsu da hularsu da usur, suna gyara sahun motoci ran Juma'a, suna tsare filin Idi da wurin tafsiri da sansanin alhazai. Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a Kaduna cikin 1962 zamanin Sardauna, tana da rundunarta. Fityanul Islam tana da tata, haka ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos cikin 1978. Wasu kan yi musu dariya, wai sojojin da ba bindiga ba albashi. Masu dariyar sun ga fareti ne kawai, ba su ga ɗan agaji da ƙarfe biyun dare a ƙofar ɗakin haɗari ba, yana neman wanda jininsa ya dace da na yaron da bai san sunan ubansa ba. Galibinsu da kuɗin aljihunsu suke ɗinka kakin, kuma tela ne ko direba ko mai kayan miya, gari na wayewa zai koma neman abin da iyalinsa za su ci.

Inda aikin ya fi nauyi shi ne wajen mutuwa. A shari'a, wanke mamaci da yi masa likkafani da sallatarsa da binne shi farilla ce ta kifaya, watau in wasu sun yi an sauke wa kowa, in kuwa ba wanda ya yi, laifin ya hau kan jama'ar wurin baki ɗaya. A Arewa wannan ba ya zama abin magana. Maƙabarta tana bayan gari, ƙasa kyauta ce, makara tana jingine a masallaci, kafin a gama wanka samari sun gama haƙa, wanda ya rasu da hantsi an kai shi kafin la'asar. A Ikko kuwa komai da kuɗinsa da takardarsa. Sai an biya abin da asibiti ke bi kafin a saki gawa, ɗakin ajiyar gawa yana lissafin kwanaki, in haɗari ne ko kisa sai 'yan sanda sun ba da izini, a manyan maƙabartun birni sai an sayi wurin kabari, ga kuɗin mota, ga alawayyo. Gawar da ba wanda ya zo nemanta kuwa, bayan an yi sanarwa wa'adi ya cika, hukuma kan haɗa ta da sauran irinta a binne a rami ɗaya. Babu wanka, babu salla, babu mai nuna wa uwa inda ɗanta yake.

Don gudun wannan ne ake zagayawa da faranti bayan sallar magariba, wannan ya jefa ɗari biyu, wancan ɗari biyar. Don gudun wannan ne wasu dattawa suka mai da zuwa ɗakin ajiyar gawa kamar aikin ofis, suna tambaya ko an kawo wani mai kama da mutanensu, suna duba tsagar fuska da laya da abin da aka samu a aljihu. In mace ce ta rasu, tsofaffin matan zango ke wanke ta, su ne kuma ke kwana da mai naƙudar da mijinta ya tafi da tirela, su yi mata ruwan zafi da kunun kanwa kamar uwa tana kusa. Aikin mata a wannan fanni ya fi na maza ɓoyuwa, ba domin ya fi shi ƙanƙanta ba.

Babban abin da ke sanyaya gwiwar mai taimako shi ne tsoron hukuma. Sau nawa aka ga mutum kwance a bakin titi jina-jina, jama'a sun kewaye shi, kowa ya harɗe hannu, domin an saba jin cewa wanda ya kai shi asibiti shi ne na farko da za a tsare? Ya kamata mai karatu ya san cewa doka tana bayansa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa. Dokar 2017 a kan waɗanda aka harba da bindiga ta wajabta wa asibitin gwamnati da na kuɗi su fara magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, ta kuma ce a mutunta wanda ya kawo mai raunin, kada a dame shi da tambayoyin cin fuska. Gaskiya ne abin da ke rubuce daban, abin da ake tararwa a ƙofar asibiti wani lokacin daban. Shi ya sa masu gogewa a wannan aiki ba sa tafiya su kaɗai, sukan tafi su biyu ko uku, su sanar da liman ko wakilin Sarkin Hausawa tun suna hanya. In haɗarin mota ne a babbar hanya, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya ita ce 122.

Akwai kuma laifin da yake na cikin gida. An sami masu yawo da hoton mara lafiyar da ba shi, suna karɓar taimako masallaci masallaci, har suka sa mutane suka fara ƙulle aljihu ga mai gaskiya. An sami inda saɓanin ɗariƙa da Izala ya shiga har cikin agaji, ana tambayar a wane masallaci mamaci yake salla kafin a ɗauko makara, abin kunya. Ga attajiran da ke ba da dubbai a taron ƙaddamarwa inda maroƙi zai faɗi sunansu, amma in aka je musu da maganar likkafanin ɗan ga-ruwa sai a ce Alhaji yana barci. Mafi muni, masu wankan gawa a zanguna da yawa tsofaffi ne, samari suna ƙyamar koya, kamar su ba za a wanke su ba.

Ba kuma Hausawa kaɗai ke yi wa Hausawa ba. Yarbawa da Ibo nawa ne suka biya wa maigadinsu kuɗin asibiti, ko suka ba mai shayi wuri a ƙofar gidansu shekara da shekaru ba haya? Rikici ne ke shiga jarida, kamar na kasuwar Shasha a Badun cikin watan Fabrairu 2021, inda aka yi asarar rayuka, aka ƙone rumfuna, jama'a masu yawa suka fake a gidan Sarkin Sasa, har gwamnoni 4 suka taso daga Arewa don jaje. Amma kwanakin rikici ƙidayayyu ne. Sauran kwanakin shekara, Iya mai sayar da amala ce ke ba yaron da bai yi ciniki ba abinci bashi, ta kuma manta da bashin.

Masu zirga-zirga tsakanin asibiti da maƙabarta suna da roƙo guda ga 'yan'uwa, musamman sababbin zuwa, kuma roƙon ba na kuɗi ba ne. Abin da ya fi ba su wahala shi ne mutumin da ba a san ko wane ne ba. Abokan sana'arsa sun san shi da Ɗan Zamfara ko Dogo ko Buzu, ba wanda ya san sunansa na yanka, wayarsa kuwa ko ta fashe a wurin haɗarin, ko an ɗauke, ko tana kulle da lambobin sirri. Don haka duk wanda ya sauka a gari ya je ya gabatar da kansa ga limamin masallacin da yake salla, ko ga shugaban 'yan sana'arsa. Sa'an nan ya sa a rubuta masa a 'yar takarda, da boko ko da ajami, sunansa da na mahaifinsa, da sunan ƙauyensu da ƙaramar hukumarsu, da lambar wayar mutum biyu na gida. Ya naɗe ta a leda saboda ruwan saman Kurmi, ya sa a aljihun da ba ya ajiye kuɗi a ciki.