Lissafin Kusurwa Da Rabon Fili A Bakin Tafkin Kainji

A shekarar 1968 aka kammala madatsar ruwa ta Kainji, ruwa ya hau ya cinye gungu da ƙauyuka masu yawa, har aka sake wa mutane fiye da 40,000 matsuguni, cikinsu har da Gungawa na ƙasar Yawuri. Tun daga wannan lokaci fili ya yi daraja a Yelwa da Wara da Shanga, musamman na bakin ruwa inda ake noman albasa da rani. To, inda fili ya yi daraja kuwa, nan rigimar iyaka take yin gida. Abin mamaki shi ne, maganin wani sashe na rigimar nan yana cikin littafin lissafin 'yan sakandare.

Ga yadda abin yake. A ɗauka an yanka wa manomi fegi, iyakokinsa biyu sun tashi daga bakin hanya sun miƙe zuwa tafki, suna tafiya a jere, ba su matsowa, ba su nisantar juna. Hanyar kuwa ta ratsa su a karkace. Nan za a sami kusurwa biyu a cikin fegin, ɗaya inda hanya ta gamu da iyakar farko, ɗaya inda ta gamu da ta biyu. Ƙa'ida ta ce idan aka haɗa su, tilas su ba da digiri 180. Saboda haka in ma'aikacin safiyo ya auna ta farko ya sami 65, ba sai ya wahala ba, ta biyu 115 ce.

A jarrabawa akan ɓoye amsar cikin haruffa, a ce kusurwa ɗaya 2x + 10 ce, ɗayar kuma 3x + 20. Sai ɗalibi ya haɗa su, ya sami 5x + 30 daidai da 180. Ya ɗebe 30, saura 150, ya raba gida 5, x ta zama 30. Watau kusurwoyin 70 ne da 110. Kuskuren da yara suka fi yi shi ne su ɗauka kusurwoyin biyu girmansu ɗaya, alhali cika juna suke yi.

Amfanin ƙa'idar ya fi fitowa idan aka juya ta. In aka auna aka ga jimlar ta kasa 180, iyakokin suna matsowa, fegin yana tsukewa wajen ruwa. In ta zarce, mai fegi ya shiga gonar maƙwabci. Wannan batu ne Yuklid ya kafa a birnin Iskandariya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, malaman Musulunci irin su Ibn Haisam da Umar Khayyam suka yi ta nazarinsa daga baya.

Kada mai karatu ya raina digiri guda. Karkacewar digiri 1 a tsawon mita 100 tana kai iyaka mita 1.75 gefe, watau an ci ƙasa wajen murabba'in mita 87. Fangalin albasa nawa ke nan?

Don haka ya kamata ma'aikatan ƙasa na ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga su riƙa rubuta kusurwoyi cikin takardar fili, ba tsawo da faɗi kaɗai ba. Turke yakan ruɓe, ambaliya takan kwashe dutse, amma lambar da ke takarda tana nan ranar da magada za su tsaya gaban alƙali.