Daga "gado" zuwa "gada": koyon karatu da sauya sauti a Kankia da Kusada

A makarantun firamare na Kankia da Kusada an daɗe ana fara karatu da haddar sunayen haruffa. Yanzu wata hanya tana samun gindin zama: malama ta rubuta "gado", ta goge wasalin ƙarshe ta sa "a", yara su karanta "gada", ta sake taɓa wasalin farko ya koma "gida". Yaron da ya gane wannan yana iya karanta kalmar da bai taɓa gani ba.

Abin da ya kawo sauyin shi ne yawan yaran da ke kai aji huɗu ba sa iya haɗa baƙi. Shirin RANA, wanda ya fara a jihohin Katsina da Zamfara a 2015 tare da UNICEF, ya horar da malaman aji ɗaya zuwa uku su koyar da karatu da Hausa. Hanyar ta karɓu da wuri, a ganina, domin ba baƙuwa ba ce. Makarantar allo ta daɗe tana fara yaro da babbaƙu kafin farfaru, wato baƙi tukuna, sannan wasalin da ke sauya shi. Rubutun boko na Hausa ma yana taimakawa, tunda kusan kowane harafi sauti ɗaya yake ɗauka, kuma "kafa" da "ƙafa" sun isa su nuna wa yaro aikin lanƙwasa.

Amma akwai inda dabarar take tsayawa. Rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka "gari" na mutane da "gari" na tuwo sai jimla ce ke raba su. Yaron da ya tashi da Katsinanci yana cewa "tahi", littafi kuwa ya rubuta "tafi". Malamin da bai lura ba zai ɗauka yaron ne bai iya ba. Idan aka shiga Turanci, "c" ɗin da ya sani a "ciki" sai ta koma wani sauti.

Abin da ya fi damuna shi ne cunkoson aji. Sauya sauti aiki ne na kunne, sai malama ta ji bakin kowane yaro. Inda yara suka cika ɗaki maƙil, darasin yakan koma amshi, na gaba su faɗa, na baya su bi, a tashi ba a san wanda ya karanta da wanda ya maimaita ba.